Margaritarel a Bakin Ilinca

Poiana Mierlei, ƙarshen Afrilu, 1984

Zuwa ga mijina Grigore,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka lafiya kai da abokan aikinka a can Bangazi, kuma ranar ƙasar ba ta gama soya ka ba. Mama, mahaifiyarka, tana nan ƙalau in ban da gwiwar nan tata. Saniya ta haihu, namiji ne. Ƙurjin da ya fito mini a nono ya warke tun da aka gama alluran. Jikina lafiya, zuciyata ce babu.

Litinin ɗin bayan Ista ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah. Da safen nan ni yarinya ce, kafin la'asar na zama wata daban. Ina zaune bakin taga ina ba Ilinca nono, littafina a ɗaya hannun, na zo daidai inda wata mai ɗinki ta cikin labarin take tsaye bakin teku tana jiran jirgin masoyinta, sai kawai Ilinca ta saki nono ta tsala ihu kamar an tsikare ta. Na mayar mata, ta kama, ta sake saki. Da ta wangale baki tana kuka sai na gani.

Grigore, margaritarel ya fito a bakin 'yarmu. Farare ne ƙanana, a jere bisa dasashinta na ƙasa, kamar wani ya zauna ya ɗinka su da allura. Na sa yatsa na goge, suka ƙi goguwa. Tun daga ranar ba ta shan nono yadda ta saba, sai kuka da dalalar da miyau.

Na kira Mama. Ta duba bakin, ta dubi littafin da ke cinyata, ta ce, "To, gimbiya, ga abin da karatunki ya haifa. Wa ya taɓa ganin mace tana shayarwa tana yi wa mutanen takarda kuka? Hawayen nan cikin nono yake sauka, ya tsinka shi."

Na ce, "Mama, bari in kai ta wurin likita a hedikwatar gunduma."

Ta ce, "Ki kai wa? Yarinyar da ba ta cika wata biyar ba, ki fita da ita iska ta ratsa ta? A gidan nan taga da ƙofa ma ba a buɗe su tare, ke kina zancen hanya! Biyar na haifa, ban nemi shawarar likita ba, balle ta mai karatun ƙarya."

Sai ta naɗe yatsa da tsumma, ta tsoma a zuma, ta shiga dirzar bakin yarinya. Ni kuwa ina tsaye kamar baƙuwa a ɗakin da na haihu. Yau da safe ta kira tsohuwa Tinca maƙwabciya, suka kashe garwashi a ruwa suka ba ta, wai bakin mutane ne ya kama ta a coci.

Ka rubuto wa Mama ko layi ɗaya ne, ka ce ta bari in kai ta. Maganarka kaɗai take ji.

Kai kuwa, ko kana tuna ni? Itatuwan bayan gida sun yi fure fari sol, in iska ta kaɗa sai su zubo kamar ana bikin wani. Nakan tsaya ƙarƙashinsu in rufe ido in ga kana tahowa ta gangaren nan, rigarka a kafaɗa, ka yi baƙi ka rame, ni kuwa in yi kamar ban gane ka ba don ka ɗan ji zafi. Mai ɗinkin nan ta littafina shekara uku ta yi tana jira, ba ta da ko hoton mutumin. Ni ina da naka a cikin shafin da na tsaya, kowane dare kana ci gaba da labarin tare da ni. Jiya na yi mafarkin teku ta zo har bakin rijiyarmu, kana cikin kwalekwale kana ɗaga mini hula.

Ilinca tana sumbatar hannunka.

Taka har abada,
Domnica


Bangazi, tsakiyar Mayu, 1984

Domnica tawa,

Gaisuwa gare ki, da Mama, da gimbiyata ƙarama. Ina lafiya, sai dai ƙura da siminti sun mai da ni farin tsoho. Abinci dai kullum taliya. Wallahi da za a ba ni tuwon masara da cuku yanzu, da na yi kuka kamar mutanen littafinki.

Wasiƙarki ta zo na karanta a tsaye lokacin hutun rana. Da na kai wajen margaritarel sai na yi tsalle har hular kwano ta faɗi. Haƙora! Tun ba ta cika wata biyar ba! 'Yar babanta ke nan, Mama ta sha faɗa mini ni ma da wuri na yi nawa. Na karanta wa Stelian mai walda wurin, ya ce, "Kai Grigore, ina ka samo matar nan? Tawa cewa za ta yi, yaro ya yi haƙori, aiko da takalmi. Taka kuwa fure take shukawa a bakin jariri. Ko tuwo ta ƙona, cewa za ta yi rana ce ta faɗi cikin tukunya." Muka yi ta dariya. Da yamma na yi wa 'yan ɗakinmu walima da shayi da kifin gwangwani, tunda kin san a ƙasar nan an hana giya, babu abin da ya fi shayi ƙarfi.

Game da likita, haba Domnica. Kuka da miyau da ƙin nono, ai duk na haƙori ne, ko ni namiji na san wannan. Kada ki ɗauki jaririya ki yi ta yawo da ita saboda abin da kowane yaro yake yi. Na san za ki karanta wa Mama wannan a tebur kamar kullum, don haka ga nawa: Mama, ina sumbatar hannunki. Ilinca tana hannunki, yadda kika ga dama haka za a yi. Ki yi haƙuri da Domnica, yarinya ce, abin duniya a littafi ta san shi.

Na saya wa yarinya zoben roba na tauna, zan ba wani mutumin Vaslui da zai tafi hutu. Ki ƙirga mini haƙoran a wasiƙa ta gaba.

Mijinki,
Grigore


Poiana Mierlei, farkon Yuni, 1984

Grigore,

Ina gaishe ka tunda haka aka saba. Mama lafiyarta lau, ƙarfinta ma ya ƙaru tun zuwan wasiƙarka. Maraƙi yana girma. 'Yarka ce ba ta girma.

Haƙora? Haƙora, Grigore? Kai da aka haifa a ƙauyen nan, ka yi ƙanne uku a bayanka, ba ka san margaritarel biyu ne ba? Akwai na gindin itace, farin furen nan mai kama da ƙararrawa da yara suke sayarwa a bakin hanya. Akwai kuma na bakin jarirai, wanda ciwo ne, kowace mace daga nan har kogin Dunare ta san shi da wannan suna. Ba ni na raɗa masa ba. Sau ɗaya tak a rayuwata na kira abu da sunansa na gaskiya, shi ne ka mai da shi waƙa, ka karanta wa mai walda kuka yi dariya, kuka sha shayi a kan ciwon 'yata!

Bari ka ji abin da ya faru lokacin da kake walimarka. Abin ya bar dasashi ya hau harshe da cikin kumatu. Duk inda Mama ta dirza da tsummanta sai ya yi ja ya tsattsafo da jini, washegari farin ya dawo ya fi na jiya. Da na ga amsarka ta ƙi zuwa, ranar da Mama ta tafi noman masara a gonar haɗin gwiwa sai na naɗe Ilinca a bargo na bi mai kai madara har hedikwata. Ban taɓa yin abu a ɓoye a gidan nan ba sai ranar, kuma ban yi nadama ba.

Likitar mace ce, ba ta girme ni da yawa ba. Ta duba bakin ta ce, "Wa ya yi mata wannan aika-aika?" Na ce zuma ce da tsumma. Ta ce kada a ƙara, zuma ba ta jarirai ba ce sam, kuma zaƙi abinci ne ga ciwon. Ta ce wata irin funfuna ce, 'yar uwar wadda take fitowa a kan burodi, tana zaune a bakin kowa ba ta cutarwa sai ta sami sarari. Ta tambaye ni ko ni ko yarinya mun sha magani mai ƙarfi kwanan baya. Na gaya mata alluran ƙurjin nan. Ta ce to ga ƙofar da ta shigo. Ta ce tana tafiya daga baki zuwa nono, daga nono ta koma baki, shi ya sa dole a yi wa mu biyu magani tare. Na tambaye ta, da kunya, ko karatu yana tsinka nono. Ta yi dariya har ta cire tabarau, ta ce in haka ne da 'ya'yanta duk sun mutu da yunwa.

Ta ba ni wani ruwan magani rawaya in riƙa ɗiga mata bayan kowane shan nono, in shafa a jikina, in tafasa duk abin da zai shiga bakinta, kuma kada in daina don na ga ya washe. Na ɓoye kwalbar a bayan littattafaina, wurin da na san Mama ba ta taɓawa ko da tsinke. Grigore, ciwon ya fara tafiya. Dasashin ya koma ja mai kyau, ta kama nono ta sha har ta yi barci a kai. Har na sami ƙarfin zuciya na nuna wa Mama kwalbar. Ta yi tsaki, ta ce garwashin Tinca ne ya yi aiki, amma ba ta hana ni ba.

Sai ga wasiƙarka. Mai raba wasiƙu ya miƙa wa Mama a bakin shinge, ta kira Tinca ta zo ta ji labarin ɗanta. Aka zaunar da ni a tebur. Ni da bakina na karanta musu cewa abin duniya a littafi na san shi. Ni da bakina! Tinca ta rufe baki da gyale tana ƙyaƙyatawa, tana cewa, "Ayya amarya, har Afirka an san ki."

Na ce, "Mama, bai gane ba ne, ya ɗauka haƙora ne."

Ta ce, "Ɗana ya gane sarai. Me ya ce? Yarinya tana hannuna. Sake karanta wurin, gimbiya, da ƙarfi, ai kin iya."

Ta tashi ta ɗauko kwalbar ta juye a kwatamin alade ina kallo. Ta ce fitsarin doki ne suke sayar wa wawaye. Yanzu in za ta gona sai ta bar Tinca zaune a bencin ƙofa tana sakar safa tana gadina, kamar ni akuya ce mai tsallake shinge. An koma zuma da tsumma. Ciwon ya dawo, har ni ma yanzu in ta kama nono sai in ji kamar ana soka mini allura.

Ga haƙoran da ka ce in ƙirga maka: babu ko ɗaya. Zoben robar ka ba Stelian ya tauna.

Ka rubuto wa uwarka, da manyan baƙaƙe, cewa ka yi kuskure.

Domnica


Bangazi, ƙarshen Yuni, 1984

Domnica,

Gaisuwa, da fatan zuwa yanzu Ilinca ta sami sauƙi. Ni dai lafiya, amma tun da na karanta takardarki abinci ya ƙi shiga. Stelian ma ya ce in ba ki haƙuri, ya ce shi jaki ne.

Na yi kuskure, ban musa ba. Wallahi wannan suna na ciwon ban taɓa riƙe shi ba, zancen mata ne, mu ana korar mu waje in ana irin wannan. Amma ke ma ki duba. Takarda cike da fure da teku da kwalekwale, ta yaya mutum mai karatu a tsaye da siminti a ido zai san wane fure ne na gaske? Da kin ce yarinya ba ta da lafiya, ƙarara, da na gane.

Akwai abin da ba ki sani ba don ba a faɗarsa a gidanmu. Biyar Mama ta haifa, mu huɗu kika sani. Na biyar ɗin Costel ne, yana da wata bakwai ya yi zazzaɓi, ta sa shi a keken doki cikin sanyi ta kai shi asibiti. Bargon kawai ta dawo da shi. Tun daga nan in an ce likita, kabari take ji. Ba mugunta ba ce.

Ga layin da kika nema, ki karanta mata: Mama, na yi kuskure a waccan takarda. Ki bar Domnica ta karɓo maganin, a haɗa da naki, ku sasanta don Allah.

Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki yi abin da zai sa a yi ta nuna Mama da baki a coci. Watan Oktoba ina tafe. Ki daure har lokacin, kin ji? Mata nawa suka daure.

Mijinki mai kunyar abin da ya yi,
Grigore


Poiana Mierlei, Yuli, 1984

Grigore,

Gaisuwa. Mama lafiya. Ni ba ni da lafiya sosai, Ilinca kuma ta fi ni. Ka ce in faɗi magana ƙarara, to ga ta.

Na karanta wa Mama layinka. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wannan daga bakinki ya fito, ba daga takarda ba."

Na ce, "Mama, ga shi nan, rubutun ɗanki ne."

Ta ce, "Ni na iya karatu ne? Ke da kike kwana kina tashi da ƙarya a hannu, layi biyu ne zai gagare ki? Ɗana bai taɓa cewa ya yi kuskure ba tun yana cikin zani."

Ka ji. Ran da na karanta abin da ya yi mata daɗi, bakina gaskiya ne. Yau da na karanta wanda bai yi mata ba, na zama marubuciya. Na ce a kai wa fadan coci ya karanta mata. Ta ce ba za ta kai asirin gidanta coci ba. Kai ma, ko da ta yarda, me ka rubuta? "A haɗa da naki." Wato in ɗiga magani da safe, ita ta dirje shi da zuma da rana. Ka raba 'yarka biyu don kada ran kowa ya ɓaci.

Na ji labarin Costel, kuma na yi kuka, na gaske. Na je na same ta a wurin murhu na ce, "Mama, Grigore ya gaya mini." Ta tura itace cikin wuta. Sannan ta ce, "To kin san dalili. Muddin ina numfashi, jikata ba za ta bi hanyar nan ba." Na tausaya mata, har yanzu ina tausaya mata. Amma me ya sa ba wanda ya gaya mini tun farko? Shekara biyu ina gidan nan ana ce mini gimbiya, ashe ko yawan 'ya'yan gidan ban isa in sani ba. Kuma tsoron nata ba zai sa yarinya ta sha nono ba.

Shekaranjiya ma'aikaciyar jinya ta zo zagayen awon jarirai, wannan Mama ba ta da ikon hanawa. Ta rataya Ilinca a sikeli, ta sake ratayawa, ta dube ni. Ta ce tun watan Mayu ba ta ƙaru ba, ta ma ragu. Ta ce ciwon kansa ƙarami ne, cikin mako biyu yake warkewa in an bar magani ya yi aikinsa, yunwar ce abin tsoro. Da ta fita, Mama ta ce sikelin gwamnati ne, ko masara aka auna da shi ƙarya yake yi.

Ka ce mata nawa suka daure. Ni zan iya daurewa har Oktoba, har Oktoban baɗi ma. Ilinca ba ta da naman da za ta daure da shi. Wuyan hannunta yanzu yatsana biyu suna zagaye shi har da saura.

Na rubuta wa gwaggona Aglaia a Barlad, ta amsa ta ce in zo, akwai gado a ɗakin girki, kuma asibitin yara yana ƙarshen layinsu. Ba gudu zan yi ba. Yau da rana na gaya wa Mama a gaban Tinca, don kada a ce na sulale. Tinca ta ce, "Ƙauye zai ci namanki, amarya." Na ce su ci, su bar na 'yata. Mama ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Na ce mata ta bayan ƙofar duk ran da take so ta zo ta ga jikarta, ni zan zo in tarye ta a tasha.

Ba izininka nake nema ba, don kafin ya zo wata ya wuce. In za ka rubuto, ka aika gidan gwaggo Aglaia, a can ni kaɗai zan karanta.

Gobe da safe zan tafi da Ilinca Barlad, kuma ba zan dawo da ita gidan nan ba sai ta warke.

Matarka,
Domnica